Wata takwas da Garmin Striker Plus 4 a ruwan Lagdo, ga abin da na gani

'Yan uwa masu jirgi da ke ta tambayata a Jipporde, tashar jiragenmu a bakin tafkin Lagdo nan Kamaru, wai wannan ƙaramin akwatin da na kafa kusa da inji, wato Garmin Striker Plus 4 mai nuna hanya da zurfin ruwa, mene ne amfaninsa, kuma ko ya cancanci kuɗinsa, to yau dai na zauna na rubuta, wanda ya karanta ya faɗa wa wanda bai karanta ba.

Ni aikina ɗaukar kaya ne da fasinja, kwale-kwalen katako da inji doki 40, in kai gishiri da shinkafa da esansi ƙauyukan masunta in dawo da banda da ɗanyen karfasa. Duk wanda ya san Lagdo ya san ba zurfi ne ke ba mu tsoro ba, abin da ke ƙarƙashi ne. Lokacin da 'yan Caina suka gama dam ɗin a 1982 ruwa ya hau kan daji ne da gonaki da duwatsu, har yau itatuwan na nan tsaye a ƙasa, ruwa na ja sai kawunansu su matso sama suna jiran farfela. Bara kaɗai farfela biyu na rasa, ɗaya ma da buhuna 30 a ciki ga mata da yara, da sanda muka ƙarasa gaɓa bayan magariba, ranan ban yi barci ba wallahi.

Ƙanena ne da ke aiki a Kiribi bakin teku ya fara nuna min wannan harka. Can yana ganin turawa masu jiragen yawo da iska ke turawa, kowa da allo a gabansa mai taswirar teku, zurfin ko'ina a rubuce, duwatsu, fitilu, hanyar shiga tashar jirgi, har lokacin da ruwa zai hau ya sauka. Wasu Navionics suke sawa a waya ko tablet, kamfanin Italiya ne asali Garmin ta saye shi a 2017, duk shekara ake biya, wasu kuma OpenCPN a kwamfuta wanda shi kyauta ne amma kai za ka nemo taswirar ka zuba masa. Da ya zo sallah ya saka min wata manhaja irin wannan a wayata na ji daɗi sosai, muka shiga ruwa, sai ga tafkin namu shuɗi ne kawai shafe guda ba lamba ko ɗaya ta zurfi, kuma muna tsakiyar ruwa tana nuna wai muna kan tudu. Dalili a fili yake, waɗannan taswirorin daga awon da hukumomi suka yi wa teku ake haɗa su saboda manyan jirage, mu kuma bakin ruwanmu na watan Oktoba daban na watan Mayu daban. Don haka shawarata ta farko kar wanda ya kashe kuɗinsa a kan taswirar teku don ruwan Lagdo ko Binuwai.

Abin da ya sa na zaɓi Striker Plus 4 shi ne bai zo da taswira ba sam, shi yake zana tasa. Abu biyu ne a ciki, GPS da kuma awon zurfi. Akwai wani ɗan abu kamar sabulu da ake kafawa a bayan jirgi cikin ruwa, yaran jirgi sun sa masa suna ido, shi ke aika sauti ƙasa ya dawo ya faɗi mita nawa ne. Sai ka kunna abin da suke kira Quickdraw Contours, duk inda ka bi yana haɗa wurin da zurfinsa yana zana layi-layi a allo, tazarar santimita 30 tsakanin layi da layi. Ba ya son rezo, wato sabis ɗin waya, ba ruwansa da kati ko kredi, daga tauraron ɗan adam yake karɓar saƙo kai tsaye, wannan kam mutane da yawa ba su yarda ba sai da na cire sim ɗin wayata a gabansu na ce ku duba shi ko wurin sim ba shi da shi. Sefa 140,000 na biya har da kuɗin aiko shi daga Duwala zuwa Garwa.

Amma fa sai da haƙuri. Satin farko allon fari ne fat, layi ɗaya tal na hanyar da na bi. Akwai wani da'ira da ke zagaye jirginka a allo, in kore ne yana ɗaukar awo da kyau, wato kana ƙasa da kilomita 16 a awa, in ka ƙara wuta ya koma ruwan ɗorawa, in ya yi ja to aikin banza kake. Ni da lodi dama ba gudu nake ba sai abin ya zo min daidai, kullum in ɗan kauce hanyar jiya kaɗan don taswirar ta ƙara faɗi, yanzu daga Jipporde zuwa tsibirin Madagaskar na cikin tafkin nan da wasu ƙauyuka huɗu duk na zane su, kuma duk kututturen da muka sani na danna masa alama, sun kai 60.

Alamomin nan ba ni na san su ba. Kawuna ne, shekara talatin da wani abu yana tuƙi a ruwan nan, da farko ko kallon abin bai yi ba, ya ce ɗana ruwa da ido ake saninsa. Na ce Kawu ai idonku nake so in ajiye a ciki, ku nuna min ni in danna. Kwana uku muka yi yana zaune a goshin jirgi da sandarsa, ya ce tsaya nan, ya zura sanda sai ka ji ƙwas, ga kuma itacen ya fito a allo. A itace na biyar ne ya taso ya zo ya leƙa ya daɗe yana kallo, sai ya ce wannan tsamiya ce, a gindinta ake cin kasuwa kafin ruwa ya zo.

Ranar da abin ya biya ni kuɗina cikin Janairu ne. Hazo ya sauka da asuba irin wanda ba ka ganin mutumin da ke goshin jirginka, ba dutse ba gaɓa ba rana, ga wata mata da naƙuda ta zo mata da gardama dole a kai ta asibiti. Da can sai dai mu jira hantsi. Na kunna na hau kan layin jiya ina bi a hankali, yaro a gaba da tocila yana duba raga, Kawu na gefena bai ce uffan ba, alamomin suna wucewa dama da hagu ɗaya bayan ɗaya, awa ɗaya da kwata muka ji ƙarar babura a bakin tasha. Ta sauka lafiya alhamdulillahi.

To ga inda za ku yi hattara. Abin da ke ƙarƙashinka yake gani ba abin da ke gabanka ba, in itacen da ba ka taɓa sa wa alama ba ne to lokacin da zai fito a allo ka riga ka hau kansa. Ragar masunta da gorunansu ba ya nuna su, dorina ma haka, don haka yaron gaba na nan a wurinsa. Na biyu kuma mafi muhimmanci, zurfin da ya rubuta na ranar da ka auna ne. Wurin da na samu mita 4 bayan damina na koma a Afrilu mita ɗaya da rabi, ga rani ga ruwan da ake saki don wutar lantarki. Akwai wurin gyara wannan bambanci a cikin saitin amma kai za ka san nawa ruwan ya ja, ni wani dutse nake dubawa kusa da tasha da na shafa wa fenti. Na kuma kunna ƙararrawar da ke kuka in zurfi ya gaza mita ɗaya da rabi.

Allon ƙarami ne, inci 4.3, Kawu sai ya sa tabarau, amma ana gani ko da rana tsaka, kuma maɓallai gare shi ba shafawa ba, da jiƙaƙƙen hannu mai ƙarnin kifi ma yana aiki, ruwan sama ya dake shi ba sau ɗaya ba bai ce komai ba. Akwai Faransanci a ciki, babu Hausa babu Fulatanci, a sa wanda ya yi lakwal ya saita maka mita da kilomita tun ranar farko. Ba shi da batir a ciki, bolt 12 yake so. Wani mai shago ya sayar min da batir wai sabo ashe tsoho ne aka wanke, kwana tara ya mutu min a tsakiyar ruwa, yanzu na babur nake amfani da shi mai kyau da ƙaramin sola, yana kai ni yini. Idon ma sai da kafinta ya canza masa wuri sau biyu, kusa da farfela kumfa na rufe shi lambar ta riƙa ɓacewa, muka matsar da shi gefe a kan wani ɗan katako ya zauna daidai.

Masunta na tambaya ko yana nuna kifi, e yana nunawa, kamar ƙananan baka-baka a allo, amma ba zai ce maka wannan giwan ruwa ne wannan tarwaɗa ba, ni kuma ba don kifi na saya ba.

Mai jirgin kaya ko fasinja da ke bin hanya ɗaya kullum, in da hali ya saya, kuɗin farfela biyu da gyaran gindin inji sun kusa kai shi. Mai ƙaramin kwale-kwalen filafili da ba ya nisa da ƙauyensu ba ya bukata. Wanda ke son gani da idonsa ya same ni a tasha da safe kafin in yi lodi, in ruwa ya fara hawa kuma zan shiga ɓangaren da ban zana ba tukuna, ina neman wani dattijo na can da ya san itatuwan wurin ya raka ni kwana biyu, zan biya shi.