Injin ban-ruwa mai inci 2 a fadamun Korama: aikinsa da iyakarsa

Injin ban-ruwa mai shan fetur, mai bakin inci 2, shi ne aka fi gani a lambunan Matameye, Magarya da Mirya, cikin jihar Damagaram ta Nijar. Akwai na Honda, akwai kuma kwafinsa na Sin wanda ya fi arha kuma ya fi yawa a hannun manoma. In ruwa na kusa, ba a raina shi: yana iya fitar da kusan lita 500 a minti, yana shan fetur lita ɗaya da ɗoriya a awa, mutum biyu na ɗaukarsa, kowane bakanike kuma ya san cikinsa.

Abin da mai shago ba ya faɗa shi ne, wannan inji daga sama yake zuƙo ruwa, kuma zuƙa tana da iyaka. Ko sabo ne dal, da wuya ya ɗago ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, tun daga mita 5 ma za ka ga bakin tiyo ya fara raguwa. Ba laifin kamfani ba ne, nauyin iska ne ke tura ruwa cikin tiyo, ƙarin ƙarfin inji ba ya canza komai.

A nan damina ke shigowa cikin lissafi. Ruwan da ke ƙarƙashin yashin Korama ruwan sama ne da ya nitse tsakanin Yuni da Satumba, galibi na Agusta. Shekarar da aka sha ruwa kamar 2024, wadda har tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe, ruwa yakan taso kusa, injin ya yi ta aiki. In damina ta gaza, ko ta zuba a ƴan kwanaki ruwan ya bi kwari ya wuce, rijiyar da ke ba da ruwa a watan Nuwamba sai ta yi nisa a Afrilu, daidai lokacin da shuka ta fi ƙishi. Fari irin na 1973 da 1984 ba sai an tuna wa dattawa ba. Don haka kafin a saya, a auna rijiya da igiya a ƙarshen bazara, a sake aunawa bayan an ja ruwa na rabin awa. Awo na biyun shi ne na gaskiya, domin injin ya fi ƙaramar rijiyar bututu sauri: yana janye ruwan kafin ya taru, ya fara zuƙar iska da yashi.

Yashin ke cinye farfelar ciki. Gudu babu ruwa kuwa, ko na ƴan mintuna ne, yana ƙona robar da ke tare ruwa a jikin sandar injin, daga nan sai ɗiga. Maganinsa: a cika cikin famfon da ruwa kafin a tada shi, a sa rariya a bakin tiyon zuƙa, a ɗaga ta daga gindin rijiya, a ɗaure mahaɗa tam don kada iska ta shiga, a rage wuta. Baƙin mai kimanin lita 0.6 ne, a canza bayan awa 20 na farko, sannan duk awa 100. Lokacin hunturu matatar iska na son wanki akai-akai. Na Sin ya fi saurin cin buji da igiyar tashi, amma kayan gyaransa ba su da wuyar samu.

Wasu kan haƙa rami mita ɗaya ko biyu su sauke injin don ya kusanci ruwa. Dabarar tana aiki, sai dai hayaƙinsa na taruwa a ramin, kuma yana kisa. Kada kowa ya sauka alhali yana kunne.

Ga mai lambu a bakin tafkin Gidimuni ko inda zurfin ruwa bai wuce mita 5 ba a watan Mayu, injin ya cancanci kuɗinsa. Wanda ruwansa ke kaiwa mita 7, gara ya tara ya sayi famfon sola da ake zurawa cikin rijiya, mai na'urar kashe kansa in ruwa ya ƙare. Ba shi da sauri, amma mai ba da lita 3,000 a awa, in ya samu rana awa 6, ya kusa isar kwatan hekta na albasa, wato muraba'in mita 2,500, muddin ana goge ƙurar farantan. A cikin garin Damagaram kuwa, inda dutse ke ƙasa har ake jawo ruwan sha daga Gogo da Arunguza, injin bai wuce na kwashe ruwan tafki ba.