Robar ciyarwa ta hanci: wadda za a saya wa yaron da zai kwana da ita a gida

Idan aka sallamo yaro daga asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke nan Bauchi, ko wani asibiti, da robar ciyarwa a hancinsa, wato siririn bututun da ake zura wa ta hanci har cikin tumbi don ba shi madara, da dare ne hankalin iyaye ya fi tashi, domin yaro yana juyi yana sosa fuska, ga shi babu nas a kusa.

Robar iri uku ce. Ta PVC tana da araha, amma ruwan ciki yana sandarar da ita, sai an canja ta cikin mako guda ko kwana 10. Ta silikon kuwa laushinta ya yi yawa, takan naɗe wajen sawa. Ni dai ta polyurethane nake zaɓa, ko da ta fi tsada, saboda ɗumin jiki yana ƙara mata laushi, ramin cikinta yana da faɗi duk da sirantarta, kuma tana yin makonni a hanci, abin da ke rage wa yaro azabar sawa da cirewa. Girma 6 ko 8 aka fi sa wa ƙananan yara, likita ne yake yankewa. A nemi wadda lambobin awon tsayi da ke jikinta suka fito raɗau, uwa ta riƙe lambar da ke bakin hanci kafin barci, ta sake dubawa kafin kowace ciyarwa.

Injin tura madara ban ga amfaninsa a gidan da wuta ba ta tsayawa ba, balle doguwar igiyarsa tana iya naɗe wuyan yaro. Sirinji mai cin mililita 50 ya isa, a ɗaga shi madara ta sauka da kanta, kan yaro a tashe, uwa kuma a farke.

Inda ake cutar mutane shi ne takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, wadda ake tabbatarwa da ita cewa robar ba ta kauce zuwa huhu ba. Kafin a zuba komai, ana zuƙo ɗan ruwan ciki a ɗiga a kanta. Idan pH ya nuna 5.5 ko ƙasa da haka, robar tana cikin tumbi. An taɓa miƙo mini takardar litmus ta ɗakin gwajin makaranta a wani kemis, mai shagon yana rantsuwa cewa duk ɗaya ne, alhali ba ta bambance ruwan ciki da na huhu yadda za a dogara da ita. Haka nan dabarar hura iska ta robar a saurari ƙara a cikin yaro ba hujja ba ce. Robar da ledarta ta huje, ko aka sake manne ta da wuta, ko aka kankare ranar lalacewarta, ko babu lambar NAFDAC, a bar musu kayansu komai ragin da suka yi. Filastar manne robar a fuska ma a sayi mai jure gumi, don zafin watan Afrilu yana ɓalle mai araha kafin asuba.

Idan yaro ya soma tari, ko numfashinsa ya sarƙe, ko lambar ta gusa, a tsayar da ciyarwa nan take a kai shi asibiti.