MSI Afterburner, ra'ayina a kanta ga mai son ƙara wa katin girafik gudu

Duk wanda ya ce zai ƙara wa katin girafik ɗinsa gudu, ko'ina ya tambaya suna ɗaya za a ba shi, manhajar MSI Afterburner, kuma gaskiya ba a banza ba. Kyauta ce, sannan ba sai katinka na kamfanin MSI ba ne, na Asus ne ko Gigabyte ko Zotac, Nvidia ne ko AMD, duk tana karɓa. Wani ɗan Rasha ne mai suna Alexey Nicolaychuk ke rubuta ta, shi ne dai wanda ya yi RivaTuner, wata tsohuwar manhaja mai irin wannan aiki, tun da can.

Ni abin da ya sa nake yaba ta ba ma ƙarin gudun ba ne, a'a, yadda take nuna maka halin da katin yake ciki ne. Tana zuwa da RivaTuner Statistics Server, don Allah kar ka cire alamar sa lokacin da kake saka ta a kwamfuta, shi ne zai riƙa rubuta maka lambobi a kusurwar allo kana tsaka da buga gem, zafin katin digiri nawa, gudunsa MHz nawa, fanka na juyawa kashi nawa, firam nawa kake samu a daƙiƙa. Mutumin da yake ganin waɗannan lambobin da idonsa da wuya ya yi wa katinsa illa.

Yadda nake bi da ita shi ne, kafin a taɓa komai a kunna gwaji kamar Unigine Superposition ko 3DMark Time Spy a rubuta makin a takarda. Sai a ɗaga iyakar wutar da katin zai iya ja (Power Limit), wannan kam kamfanin da ya ƙera katin ya riga ya sa mata ƙa'ida a ciki, manhajar ba za ta bari ka wuce ba. Daga nan sai gudun ƙwaƙwalwar katin, wato Core Clock, kaɗan kaɗan, 15 MHz ka danna ka gwada, ka ƙara 15 ka sake gwadawa, haka haka har ka ga gem ya tsaya cak ko ya rufe kansa ko allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, to nan ne katin ya ce maka ya isa, sai ka koma baya taki biyu ka zauna a nan. Akwai OC Scanner ga masu Nvidia, shi zai yi maka wannan laluben da kansa, yana ɗaukar lokaci amma ga sabon shiga ya fi kwanciyar hankali.

Memori, wato ma'ajiyar bayanan katin, ƙara mata gudu shi ne mai yaudara, a nan nake so a nutsu. Wani lokaci za ka ga ɗige-ɗige masu walƙiya ko layuka masu launi a jikin bango cikin gem, wannan a fili yake ka wuce gona da iri. Amma katunan da ke da memori nau'in GDDR6X irin su RTX 3080 ba lallai su nuna maka komai ba, memorin tana gano kuskure ta sake tura saƙon, sai ka ga lamba tana hawa a manhaja kana murna alhali makin gwajin yana sauka. Shi ya sa na ce a rubuta makin farko. Da ya daina hawa, tsaya.

Batun boltej kuwa a rufe yake zuwa sai ka shiga saiti ka buɗe da hannunka, kuma ni na ga dacewar hakan, a bar shi a rufe kawai. Ribar kaɗan ce zafin kuma da yawa. Dama katunan Nvidia na yanzu da kansu suke rage gudu idan zafi ya hau, da yawansu digiri 83 aka sa musu, saboda haka gyara yadda fanka ke tashi da share ƙurar cikin akwatin kwamfuta sau tari sun fi jan lamba amfani. Ka danna Ctrl da F kuma za ka ga jadawalin boltej da gudu, a nan ake rage wa katin wuta ya riƙe gudunsa, ya yi sanyi, ƙarar fanka ta ragu, wallahi wannan ɓangaren na fi so a duk manhajar.

Inda ta gaza, fuskarta ba ta yi wa sabon shiga bayani sosai, maɓallai ne da lambobi kawai. A laftof ma yawanci za ka tarar iyakar wuta a kulle. Kuma kar a sa rai da yawa, ƙarin da ake samu galibi bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba, tsohon kati ba zai koma sabo ba.

A kula da inda ake sauke ta, an sha yin shafukan bogi masu kama da na MSI ana cusa wa mutane manhajar sata a ciki, daga shafin MSI ko Guru3D kaɗai. Sannan ɗan maɓallin nan mai tambarin Windows da ke sa saitinka ya hau da zarar kwamfuta ta tashi, kar ka kunna shi sai ka yi kwanaki kana buga gem mai nauyi ba matsala, ka fara ajiye saitin a ɗaya daga cikin gurabe 5 da take da su tukuna.