Kwalaben gwajin injekta: sharhina bayan na gwada su a motar gas mai ƙin tashi da zafi

Ɗan akwatin roba ne, a cikinsa akwai kwalabe shida masu layin awo a jiki, da siraran tiyo shida da ake hango abin da ke bi ta cikinsu, da ƙugiyar ratayewa a bonet, sai tarin ƙananan kawuna na ƙarfe da na roba da ake sakawa a saman injekta, wato abin da ke fesa mai a cikin silinda. Ba batir, ba waya, ba allo. Na saye shi ne saboda bas ɗina ta ɗaukar kaya, mai shan gas, mai silinda huɗu, ta ɗauko wani hali da ya hana ni sakat.

Da safe tana tashi, ko da yake sai kik ya ɗan daɗe yana juyawa. Matsalar tana zuwa ne idan inji ya yi zafi. Ka kashe ta ka sauke kaya, ka dawo ka murɗa makulli, kik ya yi ta juyawa da ƙarfinsa, inji ko tari ba ya yi. Ka bar ta ta huce sai ta tashi lafiya lau. Kowa ya zo wucewa da tasa fatawar: wannan ya ce hita ce, wancan ya ce batir, wani kuma ya ce kawai a sauke babban famfon mai a sa sabo, kamar shi zai biya.

Hita ban ɓata lokaci a kanta ba, domin aikinta ɗumama cikin silinda ne lokacin sanyi, inji mai zafi ba ya jiran ta. Batir kuma na sa masa mita, ya nuna volt 12.6 a zaune, da ake murɗa kik bai sauka ƙasa da 10 ba. Wannan ya wanke shi.

Sai na jona ƙaramar na'urar karanta ƙwaƙwalwar mota a soket ɗin nan mai ramuka 16 da ke ƙasan sitiyari. Ta fitar da P0087, wato ƙarfin mai a cikin rel, bututun ƙarfen da ke tara mai da ƙarfi ya raba wa injektoci, ya yi ƙasa. Mutane da yawa a nan suke tsayawa su ce kwamfuta ta faɗi ciwon, alhali ba ta faɗi komai ba tukuna. Filta da ta toshe tana kawo wannan lamba. Famfon cikin tanki da ya gaji yana kawo ta. Iska a layin mai, bawul mai daidaita ƙarfi, babban famfo, injekta mai yoyo ta ciki, duk lambarsu ɗaya. Abin da ya fi amfani a na'urar shi ne shafin da ke nuna ƙarfin mai kai tsaye yayin da ake murɗa kik. Da sanyi sai in ga lambar tana hawa har ta haye bar 250 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin man), inji ya kama. Da zafi kuwa ta maƙale wajen 150, tana rawa a wurin. A irin waɗannan injuna ƙwaƙwalwa ba ta buɗe injekta sai ƙarfin ya kai wani mataki, galibi tsakanin bar 200 zuwa 300, gwargwadon ƙirar motar. Ke nan motar ba ta samun ko ɗigon mai a silinda. Saura a gano inda ƙarfin yake tsiyayewa.

Kafin in taɓa kwalaben na fara da mai sauƙi. Na canza filta, na juye man da ke cikin tsohuwar a tsaftatacciyar kwalba na ɗaga ta a haske. Abu biyu ake dubawa: ruwa, wanda yake kwantawa a ƙasa, da ƙyallin garin ƙarfe. Idan ka ga na biyun to babban famfo ya fara cin kansa, kuma garin ya riga ya bi layi har injekta, zancen ya zama babba. Nawa ya fito tas. Na kuma sa guntun tiyo mai haske tsakanin filta da famfo don in ga ko kumfar iska tana wucewa, ban ga komai ba. A lura, tiyon cikin akwatin nan ya yi siriri da wannan aiki, sai ka nemi wani daban.

Dalilin da ya sa kwalaben suke da amfani yana cikin yadda injektar take aiki. Ba duk man da ya shiga cikinta take fesawa a silinda ba. Akwai ɗan ƙaramin bawul a cikinta da ke sakin wani kaso na man domin allurar ta ɗaga, wannan kason kuma yana fita ta sama ya bi siririn tiyo ya koma tanki. Haka aka ƙera ta. Amma idan mazaunin bawul ɗin ya cinye, sai man da ke komawa ya yi yawa. A kan hanya ba lallai ka ji ba, saboda famfo yana juyawa da sauri yana cike giɓin. Lokacin tayarwa kuwa kik ne kaɗai ke juya inji, famfo na tafiya a hankali, ga shi man gas idan ya yi zafi yana tsinkewa ya fi saurin sulalewa. Injekta ɗaya tak mai irin wannan yoyo ta isa ta hana rel ɗin gaba ɗaya cika. Shi ya sa irin wannan mota take tashi idan an tura ta ko an ja ta, kuma shi ya sa take tashi idan an fesa mata maganin nan na tayar da inji a hanyar iska. Fesawar nan ni ba na yin ta, ba na kuma bai wa kowa shawarar yi: maganin yana kamawa da wuri ya buga fistin da ƙarfi, idan kuma ya tarar da hita da zafi yana iya fashewa tun a hanya.

Haɗa kayan bai ba ni wuya sosai ba. Da inji a kashe, na zare 'yan maƙalan wayar da ke riƙe tiyon komawar mai a kan kowace injekta, na ɗaga tiyon, na toshe bakinsa don kada iska ta shiga ko mai ya zubo, na zaɓi kawunan da suka dace na danna su, na rataye kwalabe huɗu a bonet a jere. Maƙalan nan ƙanana ne kuma suna tsalle, ka shimfiɗa tsumma a ƙasansu kafin ka taɓa su, in ba haka ba a ƙarƙashin inji za ka nemo su.

Na tayar da ita da ɗumi na bar ta a sulo. Da farko ba ka ganin komai sai mai yana hawa cikin tiyo a hankali, ɗan guntu-guntu, da 'yar iska a tsakani. Uku daga ciki sun isa kwalba suna ɗiga, ɗis, ɗis, daidai da bugun inji. Ta silinda ta uku kuwa ba ɗiga take yi ba, zuba take yi, mai yana gangarowa a jikin kwalbar da kumfa a samansa. Kafin sauran su rufe gindin kwalbarsu ita ta wuce rabi. Na kashe inji na jera su a kan katako, ko yaro ka kira ya nuna maka wadda ta fita daban zai nuna. Wannan ne abin da na fi so a kayan: ba sai ka yarda da maganar kowa ba, idonka ne shaida.

To, sai kuma abin da ban ji daɗinsa ba, kuma yana da ɗan yawa. Takardar da ta zo da akwatin hoto ne kawai, ba ta faɗi adadin man da ya kamata kowace injekta ta mayar ba, ba ta faɗi tsawon lokacin gwaji ba. Kwatanta kwalba da kwalba yana aiki idan ɗaya ce ta lalace. Idan duka huɗun sun gaji tare, za su cika daidai wa daida, kai kuma ka ɗauka lafiyarsu ƙalau. A nan sai ka samo adadin da masu ƙera injin suka ƙayyade wa naka. Zoben robar da ke kan kawunan ma ba su da kirki, ɗaya ya tsage tun a sakawar farko, sai da na ɗauko na wani kan na musanya. Layin awon kuma fenti ne aka buga a waje, man gas yana taɓa shi ya fara gogewa; yanzu na naɗe kwalaben da salatif mai haske. Tiyon ma yana sandarewa idan ka ajiye shi da mai a ciki. Kawunan suna da yawa a ido, amma babu rubutun da ke nuna wanne ne na wace injekta, sai gwaji da kwatance.

Akwai kuma iyakar da ba laifin kayan ba ce. Suna auna abin da ke komawa tanki ne kawai. Ba su san yadda bakin nozul yake fesa mai a silinda ba, ko yana tsiyaya bayan ya rufe; wannan sai an cire injektar an ɗora ta a injin gwaji. Injektocin nan na zamani irin piezo kuma, wasunsu suna buƙatar ƙarfi kamar bar 10 a layin komawarsu kafin su yi aiki daidai, idan ka buɗe layin ka sa kwalba haka kawai inji zai rikice, awon ma ba zai zama na gaskiya ba. Tsofaffin motoci masu famfon da ke raba mai da kansa, ba tare da rel ba, matsalarsu ta tayarwa galibi a wani wuri take, kayan nan ba za su ƙara maka komai ba.

Cire injekta ban yi da kaina ba. Na kai wa bakaniken da ya san aikin gas, na nuna masa hoton kwalaben a waya. Ya duba ya ce, "Malam, ai ka rage mana rabin aiki. Amma bari in sake gwadawa da nawa, kada mu sauke abu a kan hoto." Hakan ya burge ni. Nasa ya nuna abin da nawa ya nuna. Ya canza ta ukun, ya goge mazauninta, ya sa sabuwar washa ta tagulla, sannan ya shigar da lambar da ke jikin sabuwar injektar cikin ƙwaƙwalwar motar, domin irin wannan inji yana daidaita man da yake bayarwa da wannan lamba. Ya kuma ja kunnen yaronsa da ya kai hannu kusa da bututun ƙarfe inji na aiki. Ƙarfin da ke cikin waɗannan bututu yana wuce bar 1,600 idan an ba mota wuta, siririn mai da ya tsarto daga wurin yana huda fata ya shige nama. Tsohuwar dabarar sassauta noti a ga ko mai yana zuwa ba ta wannan inji ba ce. Gefen da kwalaben ke aiki shi ne mara ƙarfi, shi ya sa mai mota zai iya yin gwajin da kansa.

Bayan gyara na sake jona na'urar da inji mai zafi. Ina murɗa makulli lambar ta haye 250 kafin in gama kallon ta, mota ta tashi. Ga wanda yake da motar gas mai rel kuma yana ɗan taɓa sifana, ko yake da motoci fiye da ɗaya, akwatin ya cancanci a ajiye shi, da sharaɗin a sayi zoben roba masu kyau daban tun ranar farko. Wanda ko filta ba ya canzawa da kansa, gara ya ce wa bakanikensa ya yi masa wannan gwaji a gabansa kafin a sauke famfo. Ni dai kwalbar silinda ta ɗaya ta ɗan ɗara sauran biyun a ranar, ba da yawa ba, don haka zan sake rataye su idan lokacin canza filta ya zagayo.