Injin Huda Bango: Wanda Zan Saya, da Yadda Za Ka Gane Jabu

Idan kuɗinka na inji ɗaya ne, sayi injin huda. Rataye labule, kafa kanta a kicin, ɗaure ƙofar da ta saki, duk aikinsa ne.

Ni zaɓina Makita mai batir 18V, wanda yake da wurin bugu don huda bulo. Da wutarmu da ba ta da tabbas, ba ka jiran a kawo ta, ba ka tayar da janareta saboda rami huɗu. Abin da ya fi burge ni shi ne batirinsa na tsarin LXT: shi ɗin ne zai shiga giranda (injin yanka da goge ƙarfe) da zarto da fitila na kamfanin, in ka tashi ƙara kaya sai ka sayi injin zalla. Nemi wanda bakinsa, wato wurin da ke riƙe ƙarfen huda, milimita 13 ne, kuma in da hali ɗauki wanda motarsa ba ta da kabon (ƴan gawayin da ke gogar motar suna cinyewa), ya fi jure zafi, batir ma ya fi daɗewa. Kankaren dakin na bene kam ya fi ƙarfinsa, wannan sai babban inji mai SDS, wato mai baki na musamman don huda kankare, kuma aro ko haya ya wadatar.

Bosch mai shuɗi yana da kyau, mai kore na ƙaramin aiki ne. 20V da DeWalt ke rubutawa daidai yake da 18V. Na kamfanonin Ingco da Total kuwa, daidai kuɗinka daidai abin da za ka samu.

Sai jabu, wanda shi ne ke cinye kuɗin mutane. Batirin 18V ƙwayoyi 5 ne a jere, kowace 3.6V. To wanda aka rubuta wa 88V ko 128V kuma bai fi tafin hannu ba, ƙarya ce tsagwaronta. Na ga an buɗe wani a gaban mai gyara: ƙwayoyin ba nauyi, wayar ciki siririya, ledar har ta narke a gefe. Ɗaga batirin ka ji nauyinsa. Karanta sunan harafi-harafi, domin sukan sauya guda ɗaya su bar launin. Batirin Makita na gaske yana da tambarin tauraro, amma masu jabu ma suna kwaikwayonsa, don haka farashin da ya yi arha fiye da kima ya ishe ka shaida. A masu igiya kuma ana naɗa alminiyam a madadin tagulla, minti kaɗan ka ji ƙauri. Ka ce a kunna a gabanka, ka huda bulo, ka karɓi rasit mai lambar injin.

Wanda aka riga aka yi amfani da shi da ya fito daga Amurka, duba jikinsa ko na cajarsa: in 120V ne, wutarmu 230V, da ka jona ya ƙone.

Bayan injin huda, giranda mai faifan milimita 115 ita ce ta biyu da za ka saya. Kada ka yarda a cire mata murfin kariya, kuma faifan yanka yana da ranar ƙarewa a jikin zoben tsakiyarsa, ka duba kafin ka biya.