Wayar HDMI ko AV mai kai uku: wacce ta cancanci kuɗinka?

A kowane shagon kayan lantarki, daga Sabon Gari a Kano har Alaba a Legas, wayoyin nan biyu ne ke rataye kusa da juna: wayar AV mai kai uku, rawaya da fari da ja, da kuma wayar HDMI mai faffaɗan kai guda. Hukuncinmu a kansu shi ne, duk mai talabijin na bango da dikoda mai ramin HDMI ya sayi HDMI, amma kada ya yarda a sayar masa da mai tsada da sunan ta fi fitar da hoto. Wayar AV kuma aikinta yanzu ya tsaya ga tsohon talabijin mai ƙeya.

Matsalar AV daga yadda aka ƙera ta ne. Fari da ja sauti suke ɗauka, hagu da dama. Hoton gaba ɗaya, haskensa da launinsa, ta cikin rawayar nan kaɗai yake bi a cakuɗe, sai talabijin ya sake rarrabe su, kuma ba ya taɓa rarrabewa tsaf. Shi ya sa idan ka matsa kusa da allo lokacin ƙwallo za ka ga jan riga ya malalo ya wuce jikin ɗan wasa, ƙananan lambobin da ke nuna minti da cin ƙwallo a kusurwa kuma gefensu na rawa kamar tururuwa na tafiya. Sannan a PAL, tsarin hoton talabijin da ake amfani da shi a Najeriya, layi 576 ne iyakar abin da wayar za ta kai, ko da dikodar na kama tasha mai layi 1080. Hoton 1920 sau 1080 ɗigo ne sama da miliyan 2, na 720 sau 576 kuwa bai kai dubu 415 ba, wato kashi ɗaya cikin biyar. Mai talabijin inci 43 da ya biya kuɗin tashoshin HD a DStv ko StarTimes, ya kuma haɗa da rawayar waya, ya zubar da kashi huɗu cikin biyar na hotonsa tun kafin ya iso allo. Da yawa daga masu kukan cewa sabon talabijin ɗinsu na nuna dishi-dishi, wannan ne ciwon.

Duk da haka AV na da nata alherin. Tana da arha, ba ta da saurin mutuwa, idan kai ya cire ana iya liƙe wani da dalma cikin minti kaɗan, kuma a talabijin mai ƙeya hotonta lafiya lau yake fita domin don shi aka yi ta. Abin da za a duba wajen saye shi ne kaurin rawayar. Mai kyau tana da saƙar tagulla da ta kewaye silin tsakiya, ita ke tare hayaniyar wuta. Siririya marar saƙa na iya kawo layin da ke hawa allo a hankali da gurnani a sifika, musamman idan an kunna janareta ko wayar ta bi kusa da wayar wuta. Idan hoto ya fito fari da baƙi, kada a zargi wayar tukuna: ko dai an saita dikoda a NTSC, tsarin Amurka, maimakon PAL, ko an soka rawayar a koren ramin da aka tanada don wata waya dabam, mai kore da shuɗi da ja. Akwai kuma ƙananan dikodoji da ramin AV ɗinsu guda ne irin na abin sauraro na kunne. Jerin zoben da ke kan irin wannan wayar ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka wadda ta zo cikin kwali ita ce abin riƙewa.

HDMI, wadda aka fitar da ƙa'idarta ta farko a Disamba 2002, lambobi take aikawa ta fil 19, hoto da sauti tare. Wannan ne ya sa maganar masu shago cewa mai tsada ta fi kala ba ta da tushe. Muddin saƙon ya isa cikakke, hoton da waya mai arha ta kai da wanda mai tsada ta kai ɗaya ne. Ruwan gwal da ke kan bakin yana rage tsatsa, amfaninsa ke nan. Idan HDMI ta gaza, a fili take gazawa: fararen ɗigogi su riƙa walƙiya a allo, hoto ya ɗauke daƙiƙa biyu ya dawo, allo ya koma kore ko ruwan hoda, ko a ga rubutun babu sigina.

Rubutun da ya kamata a nema a jikin kwali shi ne ajin wayar. High Speed tana ɗaukar gigabit 10.2 a daƙiƙa, ta ishi duk dikodar da ke fitar da 1080. Premium High Speed tana kai 18, ita ake bukata don 4K mai hoto 60 a daƙiƙa. Ultra High Speed mai 48 ta zo ne da HDMI 2.1 na 2017, masu PlayStation 5 da makamantansu ne ke cin moriyarta, mai dikoda kuwa asarar kuɗi zai yi. Ajin Premium da Ultra na gaskiya suna zuwa da tambari mai lambar QR a jikin kwali. Leda da aka buga wa 8K da manyan baƙaƙe ba tare da tambarin ba, ado ne kawai.

Inda wayoyin kasuwa ke bambanta da gaske shi ne tsawo da abin da ke ciki. A mita 1.5 zuwa 3 kusan kowacce na aiki. Daga mita 5 zuwa sama ake gane mai kyau, domin da yawa daga masu arha alminiyum ne ko ƙarfe aka shafa wa tagulla, kuma silin siriri ne. Idan an rubuta AWG, ma'aunin kaurin sili, a jikin robar, ƙaramar lamba ita ce mai kauri: 30 ta dace da gajeren zango, mita 10 na son 26 ko 24. Bayan mita 15, kamar a gidan kallo inda dikoda ke ɗaki allo na waje, sai a koma wa mai ƙarin ƙarfi a kai ko mai zaren gilashi. Waɗannan hanya ɗaya suke bi, kan da aka rubuta wa Source a dikoda, mai Display a talabijin. Aka juya su, babu abin da zai fito. A gwada doguwar waya a shago kafin a biya, kuma lallai kafin a binne ta a bango.

Rauni mafi girma na HDMI ba a wayar yake ba, a ramin yake. Kan ba shi da abin ɗauri, nauyin waya mai kauri na jansa ƙasa har fil ɗin ciki su saki, musamman a talabijin da aka manna da bango aka lanƙwasa wayar da ƙarfi. Ƙaramin mahaɗi mai kusurwa yana maganin wannan. Abu na biyu ya fi muni: da damina, tsawa na iya biyo wayar dish ta shiga dikoda, ta bi HDMI ta ƙona ramin talabijin, wani lokaci har da babban allon ciki. Idan hadari ya taso a zare wayar dish da ta wuta, kashewa da rimot bai wadatar ba. Haka nan a gidan da babu wayar ƙasa, idan jikin dikoda na ɗan jan hannu, a kashe soket kafin a soka ko a zare HDMI.

Sai ɗan akwatin da ke juya HDMI zuwa AV, ga mai sabuwar na'ura da tsohon talabijin. Yana aiki, amma sai an ba shi wutar bolt 5 ta USB, an kuma tura maɓallin gefensa zuwa PAL. Shi ma hanya ɗaya yake bi, kuma mai juya AV zuwa HDMI kamanninsu ɗaya, don haka a karanta wane gefe ne shiga wane ne fita. Na biyun ba ya ƙara wa hoto komai, layi 576 ɗin nan yake buɗawa ya cika allo.

Bayan an haɗa HDMI, a shiga saitin dikoda a ɗaga fitar hoto zuwa 1080, a zaɓi 16:9, sannan a danna Source a rimot ɗin talabijin a zaɓi lambar ramin da aka soka. Wasu dikodoji a 576 ake barinsu, kuma idan ba a canza ba, hoton zai ci gaba da fita da laushi duk da sabuwar wayar. Mai sifikar waje kuma ya nemi ramin da aka rubuta wa ARC, shi kaɗai a cikin ramukan HDMI ke mayar da sauti daga talabijin zuwa sifika.