Manhajar lissafin kuɗin gida da ta dace da mai samun yau da gobe

Tun ƙarshen shekarar 2022, lokacin da hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin 100 a watan Disamba, kuɗin cefanen da nake bai wa uwargida da safe ya daina kai mu magariba, ni kuma na kasa faɗin inda ragowar samuna ke sulalewa. Ni tela ne a Aboabo, cikin Kumasi, kuma samuna ba na albashi ba ne, domin akwai ranar da ake karɓar ɗinki biyar, akwai kuma ranar da ko mai gyaran zip ba ya leƙowa. Wannan ne ya sa na gwada manhajoji uku a wayata, kowacce na ba ta lokacinta, tun da sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na fara da YNAB, saboda ita aka fi yabawa. Tsarinta shi ne kowane kuɗi da ya shigo hannu a yanka masa aikinsa nan take, ta yadda ba za a bar ko pesewa ɗaya (ƙwandalar Ghana mafi ƙanƙanta) tana yawo ba, kuma ba a yin kasafi da abin da bai zo ba tukuna. Wannan tarbiyya ce mai kyau ga mai sana'ar hannu, har yau kuma ina aiki da ita. Sai dai bayan kwana 34 na gwaji kyauta, kuɗin rajistarta ya haura dala 100 a shekara, wanda da dala ake biya, ga mutumin da da sidi, kuɗin Ghana, yake samu. Babban abin da ake saye da wannan kuɗi, wato haɗa ta da banki domin ta riƙa ɗauko bayanai da kanta, an yi shi ne domin bankunan Amurka da Kanada da wasu ƙasashen Turai, alhali rabin kuɗin gidana yana aljihu, sauran kuma yana MoMo, wato asusun kuɗi na layin waya.

Goodbudget ta ɗauko tsohuwar dabarar raba kuɗi cikin ambulan, ɗaya na abinci, ɗaya na makaranta, ɗaya na haya, abin da iyayenmu mata suka daɗe suna yi da ƙullin bakin zane da gwangwanin madara. Kyautar da take bayarwa ta ƙunshi ambulan goma na kashe-kashen yau da kullum da damar amfani da waya biyu, don haka ta dace da miji da mata da kowannensu ke son ganin lissafin a hannunsa. A wajena ambulan ɗin sun fi dacewa da wanda ya san abin da zai shigo masa a farkon wata.

Wadda ta zauna da ni ita ce Money Manager ta kamfanin Realbyte, kuma dalilin ba ya wuce yadda take rarrabe ma'ajiyar kuɗi. Na buɗe mata asusu huɗu: aljihu, MoMo, susu (ajiyar kullum da ake zubawa wurin mai karɓa), da bashin da nake bin masu ɗinki. Idan na je wurin mai rumfar MoMo na ciri sidi 200, ba ta lissafa shi a matsayin kashewa, domin kuɗin wuri kawai ya sauya daga waya zuwa aljihu, cajin cirewar ne kaɗai ya tafi. Haka ma susu: abin da nake miƙa wa mai karɓa kullum ajiya ce, zubin kwana ɗaya da yake riƙewa a ƙarshen wata shi ne ladansa, shi kuma nake rubutawa cikin abin da ya fita. Wanda bai bambance waɗannan ba, zai ga kamar ya kashe fiye da abin da ya kashe a zahiri. A shekarun E-Levy, harajin tura kuɗi ta waya, wanda aka fara a watan Mayun 2022 da kashi 1.5, aka rage shi zuwa kashi 1 a 2023, aka soke shi a 2025, wannan rarrabewa ce ta nuna mini nawa turawa da cirewa suke ci a wata.

Tana aiki ko babu data, ana iya saita ta da sidi, kuma shigar da bayani ba ya ɗaukar lokacin da ya kai na zura zare a allura. Na sa wa rukunonin sunayen da muke amfani da su a gida: koko da ƙosai, trotro (motar haya), katin wuta na kamfanin lantarki na ECG, ruwa, sabunta katin inshorar lafiya na NHIS, kuɗin makarantar allo, gudummawar suna da biki da ta'aziyya, da ragon layya, wanda nake tara wa kaɗan-kaɗan tun bayan ƙaramar salla.

Bayan sallar isha'i muke zama, uwargida ta faɗi abin da ta sayo a kasuwar Asawase, ni ina shigarwa. A ƙarshen watan farko na nuna mata da'irar da manhajar ta yayyanka kamar kankana, ina tsammanin cefane ne zai cinye fili. Ta duba ta ce, "Maigida, wannan babban yankin ai ba na tukunyata ba ne." Gudummawar bukukuwa ce haɗe da shayin majalisa da katin waya, duk daga aljihuna suke fita, kuma ban taɓa ɗaukar su a matsayin kashe kuɗi ba.

Tana da nata nakasu. Ta kyautar tana nuna talla, ga shi ba ta jin Hausa, don haka wanda bai saba da Turanci ba sai an zauna da shi a ranar farko. Abin da mutum bai rubuta ba kuwa ba ta san da shi ba, kuma kwana uku na sakaci sun isa su sa adadin da ke waya ya saɓa da na aljihu. Ya kamata a kunna ajiyar kwafi a Google Drive tun farko, saboda waya tana ɓata a cunkoson kasuwar Kejetia. Akwai kuma wata manhaja da wani yaron shagona ya turo mini, wadda ta nemi izinin karanta duk saƙonnina da lambobin mutanena kafin ta buɗe, na goge ta a take, domin duk shigar kuɗi da fitarsa a MoMo ta saƙo yake zuwa.